Ɓerayen Tukra Ba Su Manta Ba

Ɓera na goma sha huɗu ne a hannuna lokacin da waya ta fara ƙugi a aljihuna. Doka ce ba a amsa waya a ɗakin gwaji, don haka na bar ta ta katse. Ta sake, na ƙyale. A karo na uku na mayar da ɓeran kejinsa, na rufe, na fita baranda. Yaya Sule ne, wana, daga Funtuwa.

"Isiyaku, kana kusa da mutane?"

Na ce ina wurin aiki.

"To nemi wuri ka zauna. Sai haƙuri. Allah Ya yi wa Rabi rasuwa bayan asuba. Ƙirjinta ne ya riƙe, kafin a samo mota ta cika. Ƙarfe goma sha ɗaya za a kai ta."

Na yi innalillahi. Na duba agogo, tara da kwata. Tsakanina da gida kwana biyu ne a mota, in hanya ta yi kyau. Shekara goma sha shida muna tare da matata Rabi, 'ya'yanmu uku, kuma ranar da za a sa ta a ƙasa ina Tukra, bayan garin Injamena, hannuna yana warin ɓera.

Wata biyar ke nan da zuwana Chadi. Kafin nan na daɗe ina kula da dabbobin gwaji a wata makaranta a Zariya. Sakandare na tsaya, sauran a wurin aiki na koya. A can na san Dakta Brahim, ɗan Chadi ne da ya yi karatu a wurinmu, ya iya Hausa sosai. Shi ya kira ni ya ce ya buɗe ɗan ɗakin bincike a ƙasarsu, wasu na waje sun ba shi tallafi ya maimaita wani aiki da aka yi a Turai, a ga ko zai fito yadda aka ce. Aikin shi ne a koya wa ɓera tsoro, washegari a tuna masa da tsoron, a yi masa allura nan take, wai sai ya manta. Maganin ba baƙo ba ne, irin wanda ake bai wa masu hawan jini ne.

Albashin ya fi nawa, amma ba shi kaɗai ya ɗauke ni ba. Shekara biyu kafin nan wasu mutane a kan babura sun tare motar su Rabi suna dawowa daga biki. Ta tsira, ta ɓuya a gonar dawa har gari ya waye, ko ƙwarzane babu a jikinta. Amma tun ranar, in babur ya wuce ƙofar gida da ƙarfi, sai ta ƙame inda take. Ludayi a hannu, ido a buɗe, ba ta ji ba ta gani har sai ƙarar ta yi nisa. Kuma garinmu babur ya fi mota yawa. Da Dakta ya gama bayani a waya na tambaye shi ko abin zai yi wa mutum.

"In sha Allah, Malam Isiyaku," ya ce. "Daga ɓera ake farawa."

Gadar Ngeli da ke kan iyaka ce farkon Chadi a wurina. Dakta ya ce zai aiko mota, ba ta zo ba, wayarsa a kashe. Ba na jin Larabcinsu, ba na jin Faransanci. Wani mai babur, su kilando suke cewa, ya karɓi takardar adireshin ya gyaɗa kai kamar gidan ubansa ne. Ya zaga da ni gari, ya sauke ni gaban wani shagon taya a unguwar Bololo, ya nuna mini wata ƙofa, kafin in ƙwanƙwasa ya ɓace. Gidan wata tsohuwa ne mai sayar da busasshen kifi. Ba mu fahimci juna ba, amma ta ba ni ruwa da tabarma na zauna har la'asar, lokacin da wayar Dakta ta shiga.

Ya zo yana dariya yana ba da haƙuri. Ɗakin da ya yi mini alkawari, ya ce, wani ɗan'uwansa ya shiga, sai an ɗan jira. Ya karɓi fasfo ɗina, ya ce za a yi mini takardar zama. Kwana huɗu na yi ina kwana a ɗakin ajiyar abincin ɓeraye.

Ranar Juma'a na shiga gari neman masallaci, na faɗa unguwar Shagwa. Bayan salla na ji wani dattijo yana yi wa mai shayi tsiya da Hausa. Ban san lokacin da na isa gabansa ba. Alhaji Ɗan-Tanin ke nan, mutumin Maraɗi, mai sayar da kayan gyaran babur, shekara da shekaru yana kai da kawowa tsakanin ƙasashen nan. Ya tambaye ni sana'ata, na gaya masa. Ya ajiye kofin shayi ya dube ni.

"Kusu? Kiwon kusu ka ƙetaro ƙasa biyu ka yi? Mu nan guba muka saye mu kashe su, kai ana biyanka ka ba su abinci. Mi ad dalili?"

Na ce tsoro muke koya musu.

"Kusu da tsoro aka haihe shi, ɗan Najeriya. Ku dai ba ku rasa abin yi."

Ranar ya ba ni ɗakin zauren gidansa. Matarsa Hajiya Mariya tana aiko mini da tuwo da miyar kuɓewa, kuma duk unguwar suka sa mini suna Sarkin Kusu. Ban ji haushi ba. A garin da ko gaisuwa sai an fassara mini, mutumin da zai yi mini tsiya da harshena ɗan'uwa ne. Abin da ya fi damuna shi ne shagon Alhaji, inda ake tayar da babura tun safe. Duk wanda aka murɗa sai in tuna ana murɗa irinsa a ƙofar gidana.

Daga Shagwa nake zuwa Tukra kullum. Ɗakin binciken gida ne mai ɗaki huɗu, da janareta a baya. Mu uku ne: Dakta, ni, da Ashta, ɗaliba ce da ke neman digiri na biyu da wannan aikin. Hausarta ta kasuwa ce, amma muna fahimtar juna.

Ga yadda ake yi. Ranar farko a sa ɓera a wani akwati mai ƙasan ƙarfe, a kunna masa wata ƙara kamar usur, ƙarshen ƙarar wuta ta ɗan ja shi a ƙafa. Rana ta biyu a mayar da shi, a kunna ƙarar sau ɗaya ba wuta, don tsoron ya taso. Yana fitowa Ashta ta yi masa allura, rabinsu magani, rabinsu ruwan gishiri. Rana ta uku, da kuma bayan mako guda, a sake kunna ƙarar, ni kuma in zauna da agogo mai maɓalli ina ƙirga daƙiƙun da ɓera ya yi a ƙame. Ɓera mai tsoro ba gudu yake ba. Tsayawa yake cik, numfashi kawai ke motsa cikinsa. Ranar da na fara gani sai da na fita waje na sha iska.

Babbar dokar aikin ita ce mai ƙirga kada ya san wane ɓera ne ya sha magani. Ashta ke rubuta wannan a takarda, ta sa a ambulan ta liƙe. Ni lamba kawai nake gani a wutsiya. Dakta da kansa ya koya mini dalili: ido yana ganin abin da zuciya ke so.

Zagayen farko ɓeraye kaɗan ne. Da aka buɗe ambulan sai aka ga masu magani sun ɗan fi sauran sakewa. Kaɗan ne, Ashta ta ce bai isa a ce komai ba, amma Dakta ya sayo mana gasasshen nama. Ni kuma da yamma na kira Rabi.

"Ya yi," na ce mata. "Na gani da idona. Ki ƙara haƙuri kaɗan."

Ta ce, "Baban Halima, wato ni da ɓera maganinmu ɗaya?" Ta yi dariya. Na daɗe ban ji ta yi irinta ba.

Kafin zagaye na biyu zafi ya shigo. Maka, wato alƙalamin da muke rubuta lamba a wutsiya da shi, ta riƙa bushewa, wadda aka rubuta kuma kwana biyu ta goge, har muka kusa rikita ɓeraye biyu. Na ga Hajiya Mariya tana ƙunshi, sai dabara ta zo mini. Na roƙi lalle kaɗan, na kwaɓa, na yi wa ɓera ɗaya zobe a wutsiya da tsinke, na riƙe shi har ya kama, na wanke. Mako biyu jan yana nan. Na nuna wa Dakta kafin in taɓa sauran. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ka mayar mini da su amare. Yi musu duka, wannan ya fi makar kyau."

Duka aka yi musu, masu magani da masu ruwan gishiri. Zagaye na biyu ya fito babu bambanci. Dakta bai sayo nama ba. Ya ce na uku ne zai raba gardama, za a ninka ɓerayen. Ban gaya wa Rabi na biyu ba. Na ce bari in jira na uku.

Ranar farkon zagaye na uku ce wayar Yaya Sule ta same ni.

Na shiga ofishin Dakta na gaya masa. Ya tashi ya kama hannuna, ya yi addu'a mai tsawo, kuma na yarda da gaske yake yi. Na ce ina son fasfo ɗina. Ya koma ya zauna.

"Malam Isiyaku, ko yanzu ka tashi ba za ka sami jana'iza ba. Fasfo kuma yana ofishin takardu, sai mako mai zuwa zai fito. Sannan ka dubi aikin nan. An riga an fara. Kai ka ƙirga na farko da na biyu, in wani ido ya ƙirga na uku duka sun lalace. Kwana tara ne kawai. Ka tuna don wa ka zo."

Wannan ta ƙarshen ce ta riƙe ni. Na koma na ɗauki ɓera na goma sha biyar.

Alhaji bai yi mini tsiya ba ranar. Ya rufe shago, ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ya aika aka gaya wa Hausawan unguwa. Mutanen Damagaram, na Kano, na Maiduguri, har da maƙwabta Larabawa da ban taɓa magana da su ba, suka zo suka yi wa matar da ba su taɓa gani ba addu'a. Ranar uku Hajiya ta yi waina aka raba. Ni kuwa da safen ranar ina Tukra da agogo a hannu, ina kallon ɓera yana ƙamewa, ina danna maɓalli. Ranar bakwai ma a can na wuni ina share keji. Halima, babbar 'yata, ta kira ta ce mutane suna tambaya ina babansu. Na ce ta ce yana hanya.

Ban taɓa yin ƙirga da kulawa irin ta wannan makon ba. Duk ɓeran da na yi shakka a kansa na rubuta shakkar a gefen littafina. Na ce in har wannan ne ya hana ni zaman makokin matata, to ba zan bar daƙiƙa ɗaya ta shiga ba daidai ba.

Rana ta tara Ashta ta yage ambulan a gabanmu. Ta jera lambobin a kwamfuta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta juyo da fuskar kwamfutar wajenmu.

"Ma fi," ta ce. "Babu. Duka ɗaya ne."

Masu magani sun ƙame, masu ruwan gishiri sun ƙame. Babu wanda ya manta.

Ban yi fushi da wannan ba, ina so a gane. Abin da aka aiko mu mu gano ke nan, ko yana yi ko ba ya yi, kuma mun gano. A hannunmu, a wannan ɗakin, bai yi ba. Zuciyata ta yi nauyi, amma na ce ko ba komai akwai amsa, kuma amsar gaskiya ce.

Washegari Dakta ya kira ni ofis. Ya ajiye takardar ambulan a buɗe a kan tebur, kusa da kwamfutar da ke ɗauke da bidiyon gwajin.

"Ka sake kallo ka sake ƙirgawa. Makon nan hankalinka ba a kwance yake ba, kowa zai fahimta."

Na ce zan sake, amma a ɗauke takardar, Ashta ta sauya lambobin.

"Ba mu da lokacin wannan."

"Dakta, kai ka ce mini ido yana ganin abin da zuciya ke so."

Ya tattara takardar ya ce in je.

Bayan kwana uku Ashta ta same ni ina wanke kwalaben ruwan ɓeraye. Ta rufe ƙofa, ta fito da wasu shafuka na Faransanci, rahoton da za a aika wa masu tallafi. Ta sa yatsa a wani layi tana fassara mini a hankali, tana neman kalmomi. An rubuta cewa zagaye na biyu da na uku ba za a yi amfani da su ba, domin mai kula da dabbobi ya shafa musu wani ganyen gargajiya ba tare da izini ba. Zagayen farko ne kaɗai mai tsabta, kuma ya nuna alamar maganin yana aiki, ana neman ƙarin tallafi a ci gaba.

Na sa ta maimaita wurin izinin sau biyu.

Na tarar da Dakta yana shan shayi. Na gaishe shi yadda na saba, sannan na ce na ji abin da aka rubuta.

"Ba sunanka a ciki," ya ce.

"Mai kula da dabbobi nawa ne a gidan nan?"

"Malam Isiyaku, kai ba ka san yadda abin yake ba. In na rubuta bai yi ba, shi ke nan, sun rufe mu. Ashta ba digiri, kai ba aiki. Kuma wa ya sani, wataƙila lallen ne da gaske. Ka taɓa auna abin da yake yi a jini?"

Na ce ban taɓa ba, ni ba likita ba ne. Na ce amma duka aka yi wa, masu magani da marasa shi, kuma shi ya ce a yi. In yana zargin lalle, ya rubuta cewa mun yi kuskure mu duka, a sake da maka, ni zan tsaya in sake ko wata nawa ne. Amma kada ya ce ya yi.

"Ban ce ya yi ba. Na ce akwai alama."

"Da alamar na kira matata na ce mata ya yi."

Ya kawar da kai. Na ce ya ba ni fasfo ɗina in ya fito. Ya ja aljihun teburinsa na ƙasa, ya ɗaga wasu takardu, ya miƙo mini. Na buɗe shafi bayan shafi. Babu wani sabon hatimi tun na gadar Ngeli. Na tsaya ina jiran ya ce wani abu, ya ce an dawo da shi jiya, ko ma wace ƙarya ce, bai ce ba.

Ban ɗaga murya ba. Har yau ina tambayar kaina ko ya kamata in ɗaga. Na cire rigar aiki na rataye, na zuba wa ɓeraye abinci da ruwa na kwana biyu, na ɗauki littafina na ƙirga, wanda da kuɗina na saya, na fita.

Na gaya wa Alhaji abin da ya faru. Ya ce, "Kusun dai sun hi shi gaskiya." Shi ya san wanda za a gani a kan wuce wa'adin zama da na yi ba da sanina ba, shi ya raka ni ofishin, ya yi magana da Larabci har aka sallame ni. Hajiya ta ɗaure mini kilishi da busasshen kifi na kai wa yara.

Ashta ta zo Shagwa ranar da zan tashi. Ta ce masu tallafin suna da adireshi, in na rubuta abin da ya faru za ta mayar da shi Faransanci, a haɗa da hoton shafukan littafina. Na tambaye ta abin da zai sami digirinta in wasiƙar ta isa. Ta ce ba ta sani ba. Ta ce in rubuta dai.

Na isa Funtuwa kwana goma sha bakwai bayan rasuwar. An naɗe tabarmi, baƙi sun watse. Yaya Sule ya kai ni maƙabarta, sai da ya tambayi mai gadi kafin mu gane wurin, don an yi wasu sababbi a layin. Mahaifiyar Rabi ta karɓi gaisuwata ba ta tambaye ni komai ba. Halima ce ta tambaya, bayan kwana biyu, tana wanke-wanke ba ta dube ni ba.

"Baba, maganin da ka ce wa Mama, ka zo da shi?"

Na ce mata babu maganin. Na ce mun gwada sau uku, bai yi ba. In ban da Alhaji, ita ce mutum ta farko a wajen wancan gida na Tukra da ta ji sakamakon yadda yake.

Abin da ke ci mini rai ba sunana ba ne, ko da yake shi ma yana ci. Wani wuri wani zai karanta rahoton nan ya ce akwai alama, ya gaya wa wani, har maganar ta kai ga mai mata irin tawa, shi ma ya ɗauki waya.

Na fara wasiƙar. Na rubuta yadda aka yi lallen da ranar da Dakta ya ce a yi wa duka. Na tsaya a inda dole in ambaci wadda ta nuna mini rahoton, don ban san yadda zan faɗi gaskiyar ba tare da na jawo wa Ashta ba. Sau biyu tana turo saƙo tana tambaya. Shafi ɗaya da rabi ne, ban gama ba.